Me Tramol ke yi a cikin ƙwaƙwalwa?

Jama'ar Tagriss da kewaye, da ƴan uwanmu masu cin rani a Libiya da Aljeriya, yau batun Tramol muka ɗauko.

A ƙwaƙwalwarmu akwai sinadarin da ake kira serotonin, mai daidaita barci da kwanciyar hankali. Yana da ƙofofinsa, kowace da kwaɗonta, shi ne mabuɗin. A 2017, Farfesa Bryan Roth na Jami'ar North Carolina a Amurka da abokan aikinsa suka gano yadda ƙwayar maye ta LSD ke shiga irin wannan kwaɗo, wani murfi ya rufe ta ciki. Shi ya sa mayenta ke daɗewa.

Tramol kuwa hana ƙwaƙwalwa kwashe serotonin yake, sai ya taru ya yi ta buɗe ƙofofin. Yana kuma toshe jin ciwo. Manomi ko mai jan ruwa a rijiya ya ɗauka ƙarfi ya samu, alhali gajiyar tana nan, ji ne ba ya yi. In ya yi yawa, sai zufa, karkarwa, har faɗuwa kamar mai farfaɗiya.

Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini. Ƙwaya biyu masu lamba 225 sun riga sun zarce. Wanda ya saba, kar ya yanke dare ɗaya, ya je asibiti a rage masa sannu-sannu.