Daga ƙwayar HPV zuwa sankarar bakin mahaifa: abin da ke faruwa cikin shekarun da babu alama

Ranar 24 ga Oktoba, 2023, Najeriya ta shigar da riga-kafin ƙwayar cutar HPV cikin jerin alluran da ake yi kyauta, kuma Kano na cikin jihohin da aka fara da su. 'Yan mata masu shekara 9 zuwa 14 aka nufa, a Wudil da sauran ƙananan hukumomin jihar. Tambayar da iyaye da dama suka yi ta cancanci amsa: me zai sa a yi wa yarinya mai ƙoshin lafiya allurar cutar da ake gani a jikin mata masu shekara arba'in?

Amsar tana cikin yadda ƙwayar take aiki. HPV ta haura iri 200, amma kimanin 14 ne ke iya kai wa ga sankara, kuma biyu daga ciki, lamba 16 da lamba 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Ana ɗaukar ta ta hanyar saduwa. Namiji kan ɗauke ta ba tare da wata alama ba, don haka matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa. Masu jingina cutar ga lalata sun jahilci wannan.

Ƙwayar takan bi ta ɗan ƙaramin rauni ta isa ƙwayoyin halittar da ke can ƙasan fatar bakin mahaifa. A wajen kusan mutum tara cikin goma, garkuwar jiki kan kawar da ita cikin shekara biyu, ba tare da sun san ta shiga ba. Matsalar tana ga wadda ta zauna.

Kowace ƙwayar halittar jiki tana da birki biyu masu muhimmanci. Sinadarin p53 yana tsayar da ƙwayar da ta lalace, ko ya sa ta mutu. Shi kuwa Rb yana hana ta rabuwa kafin lokaci. HPV tana samar da sinadarai biyu, E6 da E7: na farko ya rusa p53, na biyu ya ɗaure Rb. Daga nan ƙwayoyin sai su yi ta hayayyafa, kurakurai na taruwa a cikinsu babu mai gyarawa. Wannan tafiya takan ɗauki shekara 15 zuwa 20, ko 5 zuwa 10 ga mai raunin garkuwa, kamar mai ɗauke da HIV da ba ta shan magani. Masanin Jamus Harald zur Hausen ne ya gano wannan alaƙa, aka ba shi kyautar Nobel a 2008.

Allurar tana hana ƙwayar shiga, ba ta korar wadda ta riga ta zauna. Shi ya sa ake yin ta tun kafin aure.

Zargin cewa tana hana haihuwa ba shi da hujja. Tun 2006 ake amfani da ita a duniya. Sai dai jihar da ta ga gwajin Trovan na kamfanin Pfizer a 1996, ta kuma dakatar da riga-kafin shan inna a 2003, tana buƙatar bayani mai gamsarwa fiye da sanarwar rediyo.

Sauran matan fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 12,000 suka kamu da wannan sankara a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Yawancin matan da ke cin kasuwar Juma'a a Wudil sun wuce shekarun allurar, gwaji ne kaɗai kariyarsu. Mafi sauƙinsa shi ne a shafa ruwan khal a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari, a magance shi kafin ya zama sankara. Wadda ta jira har ta ga jini bayan saduwa ko ruwa mai wari, sau da yawa sai an tura ta babban asibiti irin na Koyarwa na Malam Aminu Kano, a lokacin da magani ya yi tsada.

Burin Hukumar zuwa 2030 shi ne a yi wa kashi 90 na 'yan mata allura, a gwada kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na masu cutar magani. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano ta wallafa alƙaluman kowace ƙaramar hukuma: mata nawa aka gwada a Wudil, kuma a waɗanne cibiyoyi ake yin gwajin.