Dokin Allo: Saye Ne Ko Haya?

Kafin Turawan kuza su kafa sansani a Rayfield, kafin a buɗe filin golf na 1913, kafin ramukan haƙa su cika da ruwa su zama tafkunan da ake zuwa shan iska a bakinsu, wannan tudu na Jos filin sukuwa ne. Mutanen Berom da maƙwabtansu irin su Irigwe da Rukuba mahaya ne tun kaka da kakanni. Ƙuru suke hawa, ɗan gajeren doki mai jimiri, ba sirdi ba likkafa, su ratsa duwatsu da shi wajen farauta da yaƙi. Yau unguwar ta samu wasu sababbin mahaya. Suna zaune a falo, na'urar wasa a hannu, idonsu a kan allo, suna gardamar wane doki ya fi wani gudu a cikin Red Dead Online, wasan kaboyi na intanet da kamfanin Rockstar Games na Amurka ya buɗe a watan Nuwamban 2018. Kakanninsu sun ga kaboyi a silima, su kuwa sun shiga rigarsa. Wasa ba laifi ba ne, amma akwai kalma ɗaya da ta kamata a tsaya a kanta, wato saye. Wanda ya zuba kuɗin gaske a dokin allo haya ya biya, kuma abin da ya fi daraja a dokin ba ya cikin abin da kuɗin ke kawowa.

Sai an san yadda cinikin yake sannan maganar za ta fito fili. Wasan ya ɗauki ɗan wasa ya jefa shi Amurkar 1898, lokacin da doki shi ne mota, shi ne abokin tafiya. A garuruwan wasan irin su Valentine da Blackwater da Saint Denis akwai barguna da ake sayar da dawaki iri-iri: Kentucky Saddler da Morgan masu araha, Shire mai jikin giwa, Mustang, Turkoman, Missouri Fox Trotter, da kuma dokin Larabawa da kowa ke kwaɗayi. Kuɗi biyu ke yawo a wannan duniya. Akwai dalar wasa, wadda ake tarawa ta hanyar farauta da fatauci da kamo masu laifi. Akwai kuma sandunan zinariya, waɗanda ake tsinta kaɗan-kaɗan, ƙwaya 100 ta haɗa sanda ɗaya, ko kuma a saye su kai tsaye da katin banki. Manyan dawaki na kaiwa kusan dala 1,000 ta wasa, kuma ba a buɗe wa mutum su sai ya kai wani matsayi. Zinariya kuwa tana tsallake layi a kayayyaki da dama. A nan kasuwar take: an tsawaita hanya da gangan, sannan aka kafa rumfa a gefe ana sayar da yanke.

Lissafin farashin ma abin lura ne. Lokacin da aka buɗe shagon zinariyar, sanda 25 tana kan kusan dala 10 ta gaske, 55 kuma kusan dala 20. Baƙin dokin Larabawa, akawal ɗin da ya fi shiga ido, ya haura sanda 40. Ƙaramin ƙunshi bai isa ba, babba ya yi yawa, sai mutum ya sayi babban ya rage da canjin da ba ya komawa aljihu, canjin da zai ja shi ga sirdi ko likkafa ko wani cinikin. Duk dillalin da ya san aikinsa a kasuwar Maigatari zai gane wannan dabara, sai dai shi dillali yana faɗin farashi da naira, mai saye ya taya, a yi albarka ko a sallama. Zinariyar allo ta raba mai saye da jin nauyin abin da ya kashe. Ga ɗan Najeriya nauyin ya ninka, domin tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024. Dokin da ɗan Amurka ke gani kuɗin abincin rana ɗaya ne, a Jos dubban nairori ne masu kauri.

To me mutum ya mallaka bayan ya biya? Wanda ya sayi ingarma ko goɗiya a kasuwa yana iya sayarwa, yana iya ba da kyauta, yana iya ba da aro ranar hawa. Goɗiya ta haifi duƙushi, dukiya ta ƙaru, in mai ita ya rasu ta shiga rabon gado. Dokin Red Dead Online ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba a sayar wa wani ɗan wasa shi, ba ya haihuwa, kuma turkensa yana cikin manyan kwamfutocin kamfani. Ranar da aka kashe su, shi da bargarsa sun tafi. Wannan ba hasashe ba ne. A ranar 16 ga Disamban 2021 shi kansa Rockstar ya rufe wasansa na GTA Online ga masu PlayStation 3 da Xbox 360. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft na Faransa ya rufe wasan tseren motoci The Crew, waɗanda suka biya kuɗinsu suka wayi gari ba abin da za su buɗe. A watan Yulin 2022 kuma Rockstar ya sanar cewa ya daina yi wa Red Dead Online manyan ƙare-ƙare, ya mai da hankali ga GTA na gaba. Lamarin ya kai jihar Kalifoniya ta yi doka a 2024 da ta tilasta wa shagunan intanet su bayyana wa mai saye cewa izinin amfani yake biya. Zanen aro dai ba ya rufe katara, ko da an biya kuɗin aron da dala.

Abin mamaki shi ne wasan da kansa ya san inda darajar doki take, ya kuma ajiye ta inda kuɗi ba ya kaiwa. Kowane doki yana da matakan shaƙuwa huɗu da mai shi. Duk tsadarsa, daga matakin farko zai fito daga barga. Sai an hau shi an yi tafiya, an ba shi abinci, an goge masa jiki, an lallashe shi in ya ji ƙarar bindiga ko ya hango kyarkeci ko maciji, sannan ƙarfinsa da jimirinsa su ƙaru, ya riƙa jin fito daga nesa, ya koyi tsayawa da ƙafa biyu da juyawa cikin zamiya. Doki mai araha da aka shaƙu da shi yakan fi mai tsadar da aka fito da shi jiya amfani, kuma 'yan wasa da suka daɗe suna gwada tsere sun lura bambancin gudu bai kai bambancin farashi ba. Wannan ilmi tsoho ne a ƙasar nan. Babu Shamakin da zai ba mutum baƙon ingarma ranar hawan Daushe ba tare da an yi ta kilisa da shi ba. Mahayin Berom da ke sarrafa ƙuru ba sirdi bai dogara da kayan doki ba, sabo ne ya ɗaure su. Mai sayen zinariya yana biyan kuɗi ne don ya tsallake ɓangaren wasan da ya fi kama da hawan doki na gaske.

Wani zai ce kuɗinsa ne, nishaɗinsa ne, kuma mai biyan kuɗin gidan kallon ƙwallo ma ba ya komawa gida da komai. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma babu mai ikon hana baligi kashe abin da ya nema da guminsa. Amma mai gidan kallo bai taɓa ce wa kowa ya sayar masa da Arsenal ba. An san kuɗin zama, an san minti 90 ne, kowa ya tashi. Matsalar dokin allo ita ce an kira haya saye, ba a faɗi ranar ƙarewarta ba, aka kuma lulluɓe farashin da kuɗin da ba a kashewa a ko'ina sai can. A 2006, lokacin da kamfanin Bethesda ya sa wa sulken doki dala 2.50 a wasan Oblivion, 'yan wasa sun yi ta yi masa ba'a. Abin da aka yi wa dariya a lokacin shi ne ya zama ginshiƙin kasuwar yau. Wanda ya biya da idonsa a buɗe, ya san haya ce, ba a cuce shi ba. Wanda ya ɗauka dukiya yake tarawa shi ne aka yi wa sakiyar da ba ruwa.

Wani kuma zai ce dokin gaske ya fi ƙarfin talaka, allo ne kaɗai inda ɗan marasa hali zai ɗanɗana sukuwa. Gaskiya ne riƙon doki sai mai hali: ga harawa da dusa da gero da kanwa kullum, ga mai kula da barga, ga magani. Sai dai dokin allo ma ba na talaka ba ne. Yana buƙatar PlayStation ko Xbox ko kwamfuta mai ƙarfi, da data mai yawa, tunda wasan ya kai wajen gigabait 100, da kuɗin rajistar wasan intanet ga masu na'ura, da wuta ko man janareta. Wanda ya iya haɗa waɗannan ya fi ƙarfin kuɗin motar zuwa filin polo na Jos lokacin gasar shekara-shekara, ko kallon mahayan bikin Nzem Berom, ko hawan sallar Kano da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disamban 2024. Akwai kuma abin da allo ba ya koyarwa. A Red Dead Online doki ba ya mutuwar dindindin, in ya faɗi a ba shi magani ko ya koma barga ya warke. Dokin gaske cizon ƙananan ƙwari na iya sa masa annobar dawakin Afirka ta kashe shi cikin kwanaki. Saboda irin waɗannan cututtukan dabbobi ne cibiyar bincike ta Vom, nan kusa da Bukuru, take aiki tun 1924. Amanar rai ita ce ke mai da mahayi mai doki.

Masu cewa a haramta wasan baki ɗaya su ma suna da hujja ta wani ɓangare, domin akwai harbi da zubar da jini a ciki, kuma hukumomin tantancewa na Turai sun sa masa alamar shekara 18. Bai kamata ya shiga hannun yara ba, katin banki kuma bai kamata ya kwana cikin na'urar da yara ke taɓawa ba. Amma sha'awar hawa ba ta hanuwa. Yaran Hausa sun daɗe suna yanko karan dawa su ɗaura masa linzamin tsumma, su yi ta sukuwa a lungu suna jinjina ga sarkin da suka naɗa a tsakaninsu. Dokin allo jikan dokin kara ne, ya fi shi kyau nesa ba kusa ba. Bambancinsu shi ne yaro ya san dokinsa kara ne, kuma in ya karye gona na nan. Matashin Rayfield da ke son ya more wasan sai ya riƙe wannan wayo na ƙuruciya: ya tara dalar wasa da farautarsa, ya sayi dokin da ta isa, ya shaƙu da shi har mataki na huɗu, ya bar katinsa a aljihu. In kuma sha'awar ta yi ƙarfi har tana neman kuɗin gaske, to garin da yake ciki yana da dawakin da ke haniniya, masu cin harawa, masu gane ƙafar mai su tun daga bakin barga.