Probayotik ga Yara: Amfaninsa da Iyakarsa

Probayotik, kamar yadda taron ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ya fayyace a shekarar 2001, ƙananan halittu ne masu rai, galibi bakteriya ko yis, waɗanda ke amfanar lafiyar mutum idan ya sha su daidai gwargwado. Tunanin ya daɗe, domin tun 1907 Élie Metchnikoff na Cibiyar Pasteur da ke Faransa ya danganta tsawon ran manoman Bulgeriya da madara mai tsami da suke sha, wadda danginta ne kindirmo. A yau ana sayar da probayotik a matsayin gari ko ɗigo, tare da alƙawarin gyara cikin yaro da ƙarfafa garkuwar jikinsa.

Hujja mafi ƙarfi tana wajen gudawar da ke biyo bayan shan antibayotik, wato maganin kashe bakteriya, wanda ba ya bambanta masu cutarwa da masu amfani da ke cikin hanji. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2019, wanda ya tattara bincike 33, ya nuna cewa yara 8 cikin 100 da aka haɗa musu da probayotik ne suka yi gudawa, alhali adadin ya kai 19 ga waɗanda ba a ba su ba. Amma ga gudawar yau da kullum labarin ya sha bamban, domin manyan gwaje-gwaje biyu da aka buga a 2018, ɗaya kan yara 971 a Amurka, ɗaya kan yara 886 a Kanada, ba su ga probayotik ya rage tsawon ciwon ko tsananinsa ba.

Batun garkuwar jiki kuwa yana buƙatar taka-tsantsan. Gwajin da aka yi kan jarirai 4,556 a jihar Odisha ta Indiya, wanda aka buga a 2017, ya nuna an rage cututtuka masu tsanani, ciki har da gubar jini, da kusan kashi 40 cikin ɗari, sai dai an yi shi ne da jinsi guda na bakteriyar Lactobacillus plantarum haɗe da wani sukari da ke ciyar da shi, kuma nasarar wani jinsi ba ta zama shaida ga duk abin da ke kan kantar kemis. A 2023 ma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan mutuwar wani bakwaini da aka ba probayotik a asibiti.

Abin damuwa shi ne iyaye su kashe kuɗinsu a kan probayotik, su bar abin da ke ceton rai. Ƙarewar ruwan jiki ce ke kashe yaro mai gudawa, kuma maganinta, bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF tun 2004, shi ne ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da shayar da nono. Da wannan ya kamata a fara, kuma kada a ba jariri ko yaro mai raunin garkuwa probayotik sai da izinin likita.