Tabon Kafet: Maganin Gaske Da Na Ji-ta-ji-ta

Yawancin kafet ɗin da na ga sun lalace, wurin cire tabo aka lalata su. Abu zai zube, hankali ya tashi, wannan ta ce a zuba gishiri, waccan ta ce a kawo ruwan zafi, wani ya miƙo jarkar kananzir. Shawarwarin nan suna yawo daga gidan biki zuwa WhatsApp, kuma ba dukansu ne ƙarya ba. Wasu gaskiya ne, wasu rabin gaskiya, wasu kuwa suna iya kai mutum asibiti. Kafin a taɓa komai, tambaya biyu ce ke raba gardama: mene ne ya zube, kuma da wane irin zare aka saƙa kafet ɗin?

An fi yawan cewa a dirje wurin da buroshi tun bai bushe ba. Gaggawar daidai ce, dirzar ce kuskure. Gashin kafet zare ne murɗaɗɗe, idan aka dirje shi sai murɗin ya warware, ya yi buzu-buzu, ko da tabon ya fita wurin zai ci gaba da bambanta da sauran. Dirza kuma tana tura abin da ya zube can ƙasa, tana faɗaɗa shi. Abin yi shi ne a kwashe mai kauri da cokali, a ɗora farin tsumma a danna da tafin hannu, a ɗaga, a sauya gefe mai tsabta, a sake dannawa, ana farawa daga bakin tabon ana shiga tsakiya. Na ce farin tsumma domin ƙyallen atamfa yana iya zubar da nasa launin ya ƙara wani tabon.

Maganar cewa ruwan zafi ya fi cire kowane tabo ita ce ke cin mutane ranar Babbar Sallah, lokacin da jinin nama ke ɗiga daga tire. Jini, madara, ƙwai da amai duk suna ɗauke da furotin, shi kuma zafi dafa shi yake yi, kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a tafasasshen ruwa. Da ya dahu a jikin zare sai ya manne. Waɗannan ruwan sanyi suke so. Idan jinin ya riga ya bushe, a jiƙa shi da ruwan sanyi ya yi laushi tukuna. Haidirojin ɗin nan da ake sayarwa a kemis don wanke ciwo, mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, yana cin ragowar jini, wannan gaskiya ne. Amma yana iya koɗar da launi, don haka a fara ɗiga shi a wani lungu da kujera ke rufewa a ga abin da zai yi.

Zoɓo ya cancanci a tsaya a kansa, domin jan launinsa rini ne sosai. Gishirin da ake cewa a zuba yana tsotse ɗan ruwa, ba a musa ba, sai dai tsumma ya fi shi yin wannan aikin, kuma gishiri ba ya taɓa rinin da ya riga ya kama zare. Wanda ya maƙale a gindin gashin kafet kuwa yakan jawo laima da damina, wurin ya riƙa danshi yana kama ƙura. Kanwa ta fi muni. Rinin zoɓo yana sauya kala idan ya haɗu da abu mai kanwa-kanwa; ɗiga ruwan kanwa a kofin zoɓo ka ga yadda ja zai koma shuɗi-shuɗi mai duhu. Haka zai yi a kan kafet, ga shi kanwa tana cin zaren ulu. Hanyar da ta dace ita ce a tsane zoɓon da tsumma, a haɗa rubu'in cokalin shayi na sabulun ruwa na wanke-wanke a kofi ɗaya na ruwa, a riƙa ɗigawa ana dannawa. In akwai saura, a bi da farin khal, kashi ɗaya a cikin kashi biyu na ruwa, sannan a ɗauraye da ruwa zalla. Shayi, kofi da tofin goro ma haka ake bi da su, kuma a nisanta su da sabulun sanda, domin yana ƙara zaunar da irin wannan tabon.

Tunda an ambaci khal, akwai haɗin da ya cika bidiyoyin waya: a barbaɗa bekin soda, a zuba khal a kai, kumfa ya taso fuuu. Kumfan yana burge ido, amma iska ce kawai ke fita. Ɗaya mai tsami ne, ɗaya kishiyarsa, idan suka haɗu sai su kashe ƙarfin juna, a bar ka da ruwa mai ɗan gishiri-gishiri. Kowanne yana da amfani shi kaɗai. Bekin soda busasshe yana rage wari idan aka barbaɗa aka bar shi ya kwana aka share.

Inda nake so a fi saurara shi ne batun bilic, irin su Hypo da Jik. Ana cewa babu tabon da ke gagarar sa. Gaskiyar ita ce bilic ba ya bambanta launin tabo da launin kafet. A kan nailan yana barin fari ko ruwan ɗorawa wanda ba ya gyaruwa, ulu kuwa narkar da shi yake yi. Akwai kafet na zaren roba da ake kira folifirofilin wanda tun a masana'anta aka zuba launinsa a cikin narkakkiyar robar. Shi yana jure bilic mai ruwa-ruwa, kuma daga nan ne labarin "ni na gwada ya yi" yake fitowa. Wadda ta gwada ba ƙarya ta yi ba, kafet ɗinta ne ba irin naka ba. A duba takardar da ke manne a bayansa kafin a yi koyi da kowa.

Haɗarin da ya wuce asarar kafet shi ne gauraya. Bilic da khal, ko bilic da ruwan wanke masai mai asid, suna fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu. Bilic a kan fitsari ma yana tayar da iska mai cutarwa, saboda amoniyar da ke cikin fitsarin, musamman wanda ya kwana. Uwa mai goyo da ke tsugune a rufaffen ɗaki tana goge fitsarin yaro ita ce fuskarta ta fi kusa da wannan iskar, sai kuma yaron da ke rarrafe. Fitsari tsanewa yake so, a zuba ruwan sanyi, a sake tsanewa, a maimaita har sai wari ya tafi. Fesa turare rufe warin yake yi na ɗan lokaci.

Manja tabo biyu ne a haɗe, maiƙo da jan launi. Kananzir da fetur suna narkar da maiƙo, shi ya sa ake yabonsu. Suna kuma narkar da danƙon da ya riƙe gashin kafet da bayansa, su bar wari na makonni, ga haɗarin gobara a gidan da ake kunna risho ko turaren wuta. Ba su da wuri a ɗaki. A kwashe manjan da cokali, a rufe wurin da garin masara ko hodar jiki ya tsotse maiƙon, a share, sannan a bi da ruwan sabulun wanke-wanke. Abin da ake faɗa cewa rana tana cin jan manja gaskiya ne, hasken rana yana koɗar da wannan launin, don haka darduma ko ƙaramin kafet a shanya shi bayan wanki. Kada dai a manta da shi a rana kwana da kwanaki, don launinsa ma zai koɗe.

Sau da yawa za ka ji an ce tabo ya fita, bayan kwana biyu ya dawo, har a fara zargin kafet ɗin. Dalili biyu ne. Ko dai an tula Omo ba a ɗauraye ba, ragowarsa ta yi danƙo tana kama ƙurar ƙafa, ko kuma an jiƙa wurin har ƙasa, da ya fara bushewa sai dattin da ke gindi ya biyo zare ya hau sama. Maganin na biyun shi ne a ninka farin tawul a ɗora, a danne da abu mai nauyi ya kwana. A kunna fanka, a buɗe taga. Kafet da ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu a jiƙe yana fara fumfuna, kuma da damina abin ya fi sauri.

Wasu dabarun suna kama da tatsuniya alhali suna aiki. Ƙanƙara a cikin leda tana sandarar da cingam har ya ɓantale da bakin cokali. Kakin kyandir, bayan an kankare, ana ɗora masa takarda marar rubutu a bi da dutsen guga, takardar ta shanye shi. Sai dai a rage wutar sosai, domin folifirofilin yana narkewa a wajen digiri 160, dutsen guga kuwa yana kaiwa 200. Tawadar biro sifirit ke cire ta, a ɗiga a auduga a riƙa dannawa, ba a tuttula a kan kafet ba. Madara da makilin da ake ba da shawara ba sa yi: madara tsami take yi ta bar ƙarni, makilin ya bushe ya bar farin gari a gindin zare.

Akwai kuma abin da ya fi kyau a faɗa wa mutum gaskiya tun da wuri. Lalle yana kama gashi da fata ne ta hanyar haɗewa da sinadarin da aka gina su da shi, ulu kuwa gashin tumaki ne, saboda haka lallen da ya kwana a kan kafet na ulu da wuya ya fita gaba ɗaya. A kwashe shi yana ɗanye, a bi da ruwan sanyi nan take. Baƙin ɗigon da garwashin kasko ke bari shi ma ba datti ba ne da sabulu zai wanke, zaren ne ya ƙone. Idan sama-sama ne, a datse bakin gashin da ƙaramin almakashi. Idan ya yi rami, a yanko ɗan ƙyalle daidai girmansa daga ragowar kafet ɗin ko daga gefen da ke ƙarƙashin gado, a daidaita kwanciyar gashinsa da ta sauran, a manne shi da gam.