Tsayawa, yankewa da rabuwa a Ingilishi: abin da aikatau na Hausa yake nuna mana

Gabatarwa

A Nijar yawancin ɗalibai suna fara koyon Ingilishi ne a kwaleji, bayan sun shekara shida suna karatu da Faransanci. Saboda haka duk kalmar Ingilishi da suka gamu da ita, sai sun bi da ita ta Faransanci kafin ta iso Hausa. A wannan maƙala za mu nuna cewa a fagen kalmomin tsayarwa, yankewa da rabawa, wannan zagaye hasara ne, domin tsarin aikatau na Hausa ya fi na Faransanci kusa da na Ingilishi. Batun ya ƙara nauyi tun shekarar 2025, lokacin da dokar ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuwa harsunan aiki.

1. Kalmomi masu kamar Faransanci

Bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066, kalmomin Faransanci masu yawa sun shiga Ingilishi, suka zauna kusa da na gado. Shi ya sa ake samun *stop* da *cease*, *cut* da *sever*, *split* da *separate*. Na farko a kowane biyu su ne na maganar yau da kullum, na biyu kuwa, masu tushen Faransanci ko Latin, su ne na kotu, ofis da jarida.

Ɗalibinmu yakan saki jiki da kalmomin aron, kuma nan ne tarko yake. *Sever* da *sevrer* tushensu ɗaya, wato kalmar Latin *separare*. Amma a Faransanci ma'anar ta taƙaita ga yaye, a Ingilishi kuwa tana nufin yankewa ɗungum: yanke hannu, tsinke igiya, ko yanke hulɗar jakadanci kamar yadda Amurka ta yi da Kyuba a watan Janairun 1961. Yaye a Ingilishi *wean* ne. Haka *arrest* da *arrêter*: Bafaranshe yana amfani da *arrêter* ga mota, ga aiki, ga ɓarawo, amma a Ingilishi an fi jin *arrest* wajen kamun da ƴan sanda suke yi, sai kuma a bakin likitoci idan zuciya ta tsaya. *Quit* ma ta kauce wa *quitter*, domin tana ɗaukar ma'anar dainawa ko ajiye aiki.

2. Fuskoki huɗu na *stop*

Ma'anar farko ta *stop* ita ce toshe rami, kuma ana danganta ta da kalmar Latin *stuppa*, wadda ta haifi *étoupe* a Faransanci. Daga toshewa aka samu tare hanya, daga nan sai tsayawa. A yau kalmar tana da fuskoki huɗu, kowace da nata aikatau a Hausa:

(1) The car stopped. Mota ta tsaya.
(2) He stopped the car. Ya tsayar da mota.
(3) He stopped smoking. Ya daina shan taba.
(4) He stopped her from going. Ya hana ta tafiya.

Kuskuren da malamai suka fi gani shi ne haɗa (3) da wannan:

(5) He stopped to smoke. Ya tsaya don ya sha taba.

A Faransanci bambancin yana rataye ne ga *de* da *pour* kawai, bayan *s'arrêter*. Bahaushe kuwa ba ya rikita *daina* da *tsaya*. Idan malami ya ce wa ɗalibai (3) dainawa ce, (5) tsayawa ce, ya gama bayani cikin jimla guda.

3. Ƴar rakiya da giredin aikatau

Mafi wuya shi ne aikatau mai tafiya da ƙaramar kalma irin su *off*, *out*, *up*, *down*, *away*. Za mu kira ta ƴar rakiya. Leonard Talmy, a ayyukansa na 1985 da 1991, ya nuna cewa harsuna irin Ingilishi suna sa alƙiblar aiki a cikin ƴar rakiya, irin Faransanci kuwa suna sa ta cikin aikatau kansa. Shi ya sa inda Ingilishi yake riƙe da *cut* yana sauya ƴar rakiya, Faransanci yakan sauya kalma: *couper*, *abattre*, *réduire*, *supprimer*.

Hausa tana riƙe saiwa, ta sauya wasalin ƙarshe da karin sauti. Wannan shi ne tsarin giredi bakwai da F. W. Parsons ya bayyana a 1960. Mu duba saiwar *yank-*:

(6) Ya yanka nama. He cut the meat.
(7) Ya yanki nama. He cut off some meat.
(8) An yanke wuta. The power was cut off.
(9) Ya yayyanka nama. He cut up the meat.

Giredi na huɗu, mai ƙarewa da *-e*, yana nuna cikar aiki ko rabuwar abu da jikin wani, kuma wannan shi ne aikin *off* a mafi yawan wurare: *tear off* yage, *break off* ɓalle, *chop off* datse. Wani lokaci *down* ce take biyo shi, kamar *cut down*, sare itace. Ninkin gaɓar farko, kamar a (9), yana daidai da *up* ta gutsuntsunawa: *tear up* kekketa, *chop up* daddatsa. Giredi na biyar, wanda Paul Newman ya nuna a 1983 cewa ainihin ma'anarsa nisantar da abu ne daga mai aiki, yana tafiya da *away*: *throw away* yar da, *pour away* zubar da, *clear away* kawar da.

Akwai kuma inda Hausa ta fi Ingilishi tantancewa. Kalma guda *break* tana ɗauke da karya sanda, fasa tulu da tsinka zare. Mai fassara zuwa Hausa dole ya dubi abin da aka yi wa aikin kafin ya zaɓi aikatau. Idan yanki ya fita daga ƙasa, kamar Biyafara a 1967, *break away* ke nan, kuma *ɓalle* ta cika ma'anar daidai.

4. Iyakar kwatancin

Kwatancin yana aiki ne inda ma'anar ƴar rakiya take a fili. Inda ta zama salon magana, sai hadda. *Call off* soke abu ne, *put off* ɗage shi, *lay off* sallamar ma'aikata, *give up* dainawa ko saduda. Mai fassarar labarai a gidan rediyo da ya haɗa *call off* da *put off* zai gaya wa jama'a an janye yajin aiki alhali ɗage shi aka yi. Haka *cut out* da *cut down on*: ga mai ciwon sukari, na farko barin abu ne baki ɗaya, na biyu ragewa. Ga kuma *cleave*, wadda ta fito daga aikatau biyu daban na tsohon Ingilishi, har ta zama tana nufin tsagawa da mannewa duka biyu.

Kammalawa

Shawararmu ga malaman sashen Ingilishi guda uku ce. A koyar da kalmomin aro irin *sever*, *arrest* da *quit* kusa da takwarorinsu na Faransanci, a nuna inda suka rabu. A koyar da *stop* ta hanyar tsaya, tsayar da, daina da hana. A gabatar da ƴar rakiya ta hanyar giredi na huɗu da na biyar, sannan a ware salon magana a jeri na dabam don hadda. Abin da ya rage a bincika shi ne ko Zarma, Fulfulde da Tamajak suna da irin wannan gada, tunda ajin kwaleji a Yamai ko Tawa ba na Hausawa kaɗai ba ne.