Idan Motar Lantarki Ta Fara Santsi, Daga Ina Za A Fara Dubawa?

A shekarar 2020 aka ƙaddamar da Hyundai Kona a Legas, motar lantarki ta farko da aka harhaɗa a Najeriya. A 2021 kuma aka buɗe wurin yi wa irin waɗannan motoci caji da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ke nan mu da muke makaranta yanzu, mu ne za mu tuƙa su, mu ne kuma za mu gyara su. Bari mu fara da matsalar da kan jefa direba cikin rami: taya ta daina kama ƙasa.

Mun karanta gogayya a darasin fiziks. Duk girman mota, abin da ke taɓa kwalta a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba. A nan ake tashi, a nan ake shan kwana, a nan ake tsayawa. Idan ƙarfin da aka tura wa taya ya fi ƙarfin gogayyar da ke tsakaninta da ƙasa, sai ta yi ta juyawa a banza, ko motar ta zame.

Motar lantarki ta fi saurin shiga wannan hali saboda dalilai uku. Na farko, injin fetur sai ya ɗauki wuta kafin ya ba da ƙarfinsa, amma na lantarki da an taka totur yake sakin ƙarfinsa nan take. Na biyu, nauyi: babban batirin Kona kaɗai ya haura kilo 400, ga shi nauyi da fizga suna saurin cinye taya. Na uku, idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur, injin kan riƙe tayoyin don ya mayar da wuta cikin batir. Wannan riƙon tamkar taka birki ne, kuma a hanya mai santsi yana iya sa taya ta zame.

To, yaya ake gano inda gizo ke saƙa? Mu fara da tambaya: yaushe abin yake faruwa? Idan a lokacin tashi ne, a zargi taya ko nauyin ƙafar direba. Idan sai an saki totur, a zargi riƙon injin. Idan kuwa a busasshiyar kwalta motar ke yanke ƙarfi haka kawai, ga fitila ta kama a allon gaban direba, to, hankali ya koma kan na'urori.

Daga nan sai mu tsuguna gaban taya. A Ingila doka ta hana hawa tayar da zurfin zanenta bai kai milimita 1.6 ba, domin zanen ne ke korar ruwa daga ƙarƙashinta. Suɗaɗɗiyar taya kan ruwa take hawa, ba kan kwalta ba. Mu duba lambobi huɗu na shekarunta a gefe: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗin a guji tayar da ta wuce shekara huɗu. Sai awon iska, da safe kafin taya ta yi zafi, bisa adadin da ke manne a jikin ƙofar direba, ba bisa ƙiyasin mai faci ba.

Idan tayoyi lafiya suke, saura na'urar auna gudun taya da ke kowace ƙafa. Ita ke shaida wa kwamfutar mota cewa wata taya ta fi sauran juyawa, kwamfutar kuma ta rage ƙarfi. Laka ko tsinkewar waya kan sa ta ba da labarin ƙarya. Haka ma haɗa tayoyi masu bambancin girma. Bakanike zai jona na'urar bincike ya ga ƙafar da ke da laifi, ya kuma duba shokazoba da saitin ƙafafu.

Gyaran yakan zo da sauƙi: a sauya taya da wadda ke ɗaukar nauyin motar, in biyu kawai aka saya a sa sababbin a baya, a wanke na'urar ko a canza ta. A ranar ruwa a rage riƙon injin. A Kona ana yin haka da 'yan maɓallan bayan sitiyari. A taka totur a hankali, musamman a ruwan farko na damina, lokacin da ƙura da baƙin mai suka kwaɓe a kan kwalta.

Abu ɗaya ne ba namu ba: wayoyi masu ruwan lemo. Suna ɗauke da wutar ɗaruruwan bolt da ke iya kisa, sai wanda aka horar ke taɓa su. Sauran kuwa, ido da ma'aunin iska sun isa mu fara koyo tun yau, ko da a kan tayar motar gidanmu ce.