Jarin da ba ya shiga aljihu

Mai sayen hatsi a Unguwar Tudu jari biyu gare shi: kuɗinsa, da abin da ya sani. Na biyun ya fi wuyar tarawa. Ya damƙi dawa ya gane ko ta gama bushewa. Ya san kasuwar ƙauyen da kaya ke araha da kaka a ƙasar Gwarzo da Kabo, ya kuma san dillalin da za a bar wa buhuna a Dawanau a kwana da kwanciyar hankali. Masana kasuwanci sun raba irin wannan sani gida biyu. Akwai wanda ake rubutawa, kamar farashi da bashi. Akwai wanda ke zaune a ido da hannu, ba ya samuwa sai an daɗe tare da mai shi.

Abin takaici, a yawancin shagunanmu duka biyun a kan mutum ɗaya suke. Ranar da maigida ya faɗi, magada su tarar da kaya jibge, amma ba su san wa ake bi ba, balle inda ake saro kaya da sauƙi. Wasu masu bashi su yi gum. Kafin a ankara an rufe shagon, ana cewa jari ya karye, alhali sanin ne aka binne.

Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, bai bar nasa haka ba. Da jirgin ƙasa ya buɗe cinikin gyaɗa a Kano a 1912, ya riga ya goge a fataucin goro na Gwanja. Ya ba yaransa jari, ya baza su ƙauyuka sayen gyaɗa, ya kuma sa 'ya'yansa cikin harkar tun yana raye. Shi ya sa Sanusi da Aminu suka iya ɗorawa, har abin ya kai ga Aliko Ɗangote, jikan Sanusi.

Yau farashin Dawanau yana isowa Gwarzo ta WhatsApp kafin mota ta tashi, don haka ɓoye farashi ya daina amfani. Ribar ta koma ga wanda ke rubuta cinikin kowace rana, ya duba na bara kafin ya sayi na ajiya, ya kuma yarda yaron shagonsa ya buɗe littafin ya bi shi Dawanau, dillalai su san fuskarsa.